Goron da Ya Tsayar da Allurar Abba

Jama'a, sallama gare ku. Abin da zan faɗa muku yau na daɗe ina zagaye shi, don duk ta inda na ɗago shi sai in ga hannuna a ciki. Ni da bakina na ce wa Abarci ya turo magabatansa. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya yaudare ni. Na faɗa ina murmushi, har da jan mayafi ina rufe fuska, kuma maganar nan ce ta kusa kai mahaifina kushewa.

Wanda bai san ni ba, sunana Fadimata, 'yar Intalla. Mu Buzaye ne, asalinmu arewa. Abba ya yi shekara talatin yana bin ayarin gishiri zuwa Bilma, har wata muguwar shekara ta cinye masa raƙuma. Da Faransawa suka kafa bariki a Dakoro sai ya kawo mu muka kafa bukka a gefen gari, daga baya ya gina ɗakin laka ɗaya. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama. Yayana Attaher yana daji wajen Ɗan Gulbi da 'yan dabbobin da suka rage, sai lokaci-lokaci muke ganinsa. Gida ya zama daga ni sai tsofaffi biyu: Abba, da yayarsa Goggo Uwale.

Ciwon Abba na zuciya ne, irin mai tara ruwa a jiki. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya gajarce, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. Goggo kuma ido ne da gwiwoyi, ga baki da bai san ciwo ba. Shekara uku cur ina tsakaninsu.

Masu magani huɗu ke da ƙafa a gidanmu, kuma kowannensu yana ganin sauran ukun ba su san komai ba. Akwai Abarci, majo, wato ma'aikacin jinya na gidan likita, shi kaɗai ne mai allura a duk faɗin Dakoro. Akwai Jimrau wanzami da ƙahonsa. Akwai Malam Sha'ibu da rubutun sha. Ta huɗun Goggo ce da kanta, da ƙullin saiwoyinta da kanwar da take ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma. Aikina shi ne in hana su karo da juna a jikin tsoho ɗaya. Abarci ya ce ruwan da Abba zai sha a yini kada ya wuce ƙoƙo huɗu, to daga cikin huɗun nan nake wanke allon Malam, don kada rubutu ya zama na biyar. Jimrau na roƙe shi har ya yarda ƙahonsa ya tsaya a baya kawai, ban da ranar allura, kuma askarsa ba za ta taɓa ƙafa ba. Goggo in ta faki idona ta jefa kanwa a kunu, ni kuma in faki nata in zubar in dama wani. Gishiri kuwa an hana shi kwata-kwata. Ku duba fa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar kantu a bayan raƙumi, yau tuwonsa lami. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ya ce, "Fadimata, miyar ga taki tana jin kunya."

Talata da Juma'a Abarci ke zuwa da gwangwanin allurarsa. Ya tafasa ta a kan risho, ya saurari ƙirjin Abba da bayansa, ya yi masa allurar da ke fitar da ruwa. Ni nakan fita in zauna a rumfa, don a ɗuwawu ake yinta. Kafin la'asar sai ka ga tsoho yana ta zagayawa bayan gida, kashegari ƙafa ta saɓe, ya iya takawa har masallaci.

Tsakanin allura da allura kuwa, igiya ce idon Abarci a gidanmu. Wata siririyar igiyar fata ce ya yi mata ƙulli uku. Kowace safiya in durƙusa in zagaya ta a ƙwaurin Abba. In ta tsaya a ƙulli na farko, lafiya lau. In ta kai na biyu, in aika masa. Na ukun kuwa cewa ya yi, "In kin ga wanga, ki taho da gudu, ko ana ruwan ƙanƙara."

Ban iya karatun lakwal ba, wato boko, shi kuma bai iya tifinar ba, rubutun da matanmu ke koya wa 'ya'yansu a kan rairayi. Ni na koya masa, a ƙofar gida, da tsinke, don ya riƙa rubuta mini yadda zan ba da magani. To kun san zuciya. Takardar da yake naɗe kwalbar maganin ɗigon zuciyar Abba da man idon Goggo a ciki, a sama umurni ne, a ƙasa kuma wani layi ya fara tsirowa.

"Ɗigo biyar da safe. Zanen jiya ya karɓe ki."

Na yi kamar ban gani ba. Mako ya zagayo.

"Ɗigo biyar. Goggo ta sa man ido sau biyu. Tun jiya ban ci komai ba, furar gidanku nake tunani."

A bayan takardar na rubuta masa, "Igiya tana ƙulli na farko. Ka ci abinci, ba ni da wurin majinyaci na uku."

Shekara guda muna haka. Takardun nan duk suna cikin wani ɗan batta a ƙasan akwatina. Abarci mutumin Tasawa ne, dogo, baƙi, mai tsaga a kumatu, ya yi karatun aikinsa a Yamai. Ba shi da yawan dariya, amma in ya riƙe hannun tsoho yana ƙirga bugun jini sai ka rantse ubansa ne.

A cikin damina Goggo ta taso ni gaba. Ina daka tana magana, ina tankaɗe tana magana.

"Ke wai sai yaushe? Sa'anninki duk da goyo. Shekara ashirin da uku, kina nan kina auna ƙahwa!"

"Goggo, in na tahi wa za shi kama muku?"

"Gidan likita Bilma ne? Ga shi nan, in kin yi tari ana ji. Ki ce ma yaron ga shi aiko, ko ni in aika mai da kaina."

Na yi mamaki, don Goggo ba ta taɓa kiran Abarci da sunan kirki ba, "mai ƙarfen Nasara" take ce masa. Amma wanda ake tura shi inda dama yake son zuwa ba ya tsayawa bincike. Ranar wata Talata na raka shi bakin danga na faɗa masa.

Talatar nan ba zan manta da ita ba. Bayan allura Abba ya sa na dafa shayi, ya zaunar da Abarci suka yi ta hira har azahar, labarin rijiyoyin hanyar Bilma da taurarin da ake bi. Da zai tafi, Abba ya sa na ciro masa tsohuwar jakarsa ta fata mai tuntaye ja da kore, wadda ta yi duk tafiye-tafiyensa, ya miƙa masa.

"Riƙe, Majo. Ka riƙa sa kayan aikinka. Ka yi mini abin da ɗa ke yi, Allah shi saka maka."

Ni sai daɗi ya kama ni, na ce ga shi Abba ma yana sonsa.

Ranar Alhamis da hantsi magabata suka zo: Malam Sha'ibu, da wani dattijo mai suna Ɗangoggo da ke matsayin uba ga Abarci a garin. Suka shigo da ƙwaryar goro an rufe da sabon faifai. Ina cikin bukka na sha turkuɗina mai ƙyalli har ya rina mini wuya, na sa 'yan kunnen azurfar mahaifiyata, na kafa kunne a jikin tabarma. Na zaci Abba zai ce a ba shi lokaci, kamar yadda iyaye ke ja. Ko minti bai yi ba na ji muryarsa.

"Na ba shi."

Aka shafa fatiha. Goggo ta yi guɗa da 'yar muryarta. Goron kuma aka yayyafa masa ruwa aka naɗe a ganye aka ajiye a ɗakin Abba, ba za a raba ba sai Attaher ya zo daga daji ya ji da kunnensa.

Kashegari Juma'a, ranar allura. Na share tsakar gida, na hura gawayi, na ɗora ruwa. Abarci ya yi sallama cikin farar rigarsa ta aiki, jakar Abba a kafaɗa, yana satar kallona. Ya nufi ɗaki kamar kullum, sai ga Goggo ta miƙe ƙafafunta a bakin ƙofa ta tokare da sanda.

"Ina za ka?"

"Goggo, ina kwana. Allurar Baba."

"Wane Baba? Jiya anka ba ka ɗiyatai, yau ka taho ka kwance mai wando?"

Wallahi jama'a, sai a nan na tuna. Na leƙa ta bayan Goggo. Abba yana zaune a jingine, ya ja amawali, bakin rawaninsa, har ƙarƙashin ido, ya juya fuska ga bango.

Hausawa ma suna kunyar suruki, amma tasu ta durƙuso ce da sunkuyar da kai. Tamu daban take, takarakit muke ce mata. Namiji a cikinmu ba ya ci ko sha a gaban surukinsa, ba ya sauke amawali ya ga bakinsa, ba ya kiran sunansa. In suka yi kiciɓis a hanya ɗaya ya kauce. Shekara uku Abarci baƙo ne, Bahaushe ma'aikacin Nasara, kuma a gaban baƙo mai magani tsoho yana iya ɗaga riga. Daga jiya ya zama suruki. Abarci bai san wannan ba, ba kuma wanda zai ce ya kamata ya sani. Ni fa? Ni da aka raine ni a ciki, na ga yadda Attaher ke sulalewa ta bayan bukka in uban matarsa ya zo. Na sani sarai, farin ciki ne ya rufe mini ido har ban haɗa wannan da wancan ba.

Abarci ya tsaya da gwangwani a hannu, ya daga murya cikin ladabi.

"Baba, ni ne dai na shekaranjiya. Hannun nan ne, allurar nan ce."

Sai numfashin tsoho kawai muke ji.

"Ba shi tanka maka," in ji Goggo. "Ka aje ruwan ɗigo ka tahi, Allah shi yi maka albarka."

A bakin danga na same shi, idona ya cika.

"Mi ya sa ba ki hwaɗa mini ba?" ya ce. Ba da faɗa ya yi maganar ba, shi ya sa ta fi yi mini zafi.

"Na manta."

"Ɗigo kaɗai ba shi riƙe shi, Fadimata. Kwana goma ba allura, ruwan zai hau ƙirji."

Daga ranar na shiga zarya. Duk dabarar da na koya a shekara uku ta haɗa wannan da wancan, na zazzage ta. Na fara da tambayar Abarci batun lokotoro, Bafaranshen likitan da ke zuwa rangadi daga Maraɗi. Abarci ya ce ruwa ya yanke hanya, mota ba za ta shigo ba sai kaka, ya riga ya aika takarda ta hannun mai doki amma kada in sa rai. Na ce a ɗora Abba a raƙumi a kai shi can. Ya ce kwana huɗu a kan sirdi, ba zai kai rabin hanya ba. Na ce to ya koya wa Jimrau, tunda wanzami ba ruwansa da kunyar kowa. Ya girgiza kai, ya ce wannan allura ba ƙaho ba ce, in ta kauce wurinta tana kashe ƙafa ko ta kashe mutum, kuma sai an saurari ƙirji kafin a san nawa za a zuba.

Na koma gida da wata dabara. Na ce wa Abba za mu rataya tabarma a tsakiyar ɗaki, mu huda ta, shi yana ciki Abarci yana waje, ba wanda zai ga fuskar wani.

"Hannun da za shi shigo ta hujin," ya ce, "na wa ne?"

Na ɗauko Malam Sha'ibu. Ya zauna ya yi bayani mai kyau, ya ce addini bai hana ba, lalura ce, kuma rai amana ne. Abba ya saurare shi har ya gama.

"Malam, ban ce haramun ne ba. Na ce ba ni iyawa."

Talata ta zo ta wuce ba allura. Igiya ta bar ƙulli na farko, ranar Laraba ta wuce na biyu. Na aika wa Abarci, ya aiko da takarda: "Ki rage ruwa zuwa ƙoƙo uku. Ki ɗaga masa baya da buhu. Ina nan, ban fasa komai ba." Na karanta layin ƙarshe sau uku na sa a batta.

Da fili ya samu, sauran masu maganin suka miƙe. Goggo ta daina ɓoye kanwarta, a gabana take jiƙawa tana cewa dama ƙarfen Nasara ne ya saba masa da lalaci. Jimrau ya zo da zabirarsa ya dubi ƙafafun, sun yi sumul suna ƙyalli, in ka danna yatsa ramin ya zauna.

"Ruwa ne, ɗiyata. Tsaga uku-uku a kowace ƙahwa, shi tsiyaye, shi huta."

"Baba Jimrau, mun yi alkawari."

"Mun yi shi lokacin da akwai allura. Yanzu mi ke akwai?"

Na dai tsaya a bakin ƙofa na buɗe hannuwana, don Abarci ya sha gaya mini cewa fatar da ta kumbura in an tsaga ta ba ta warkewa, ruɓewa take yi. Jimrau ya kalle ni ya naɗe zabirarsa, ya ce zai dawo Asabar, in ya so lokacin ni zan kira shi da kaina.

Safiyar Juma'a na durƙusa da igiya. Abba ba ya iya jingina ma, ya dafa gwiwoyi ya sunkuyo gaba, kowane numfashi sai kafaɗunsa sun ɗaga, akwai wata ƙara a ƙirjinsa kamar tafasar tukunya. Na zagaya igiyar. Ta wuce ƙulli na uku, har da saura ɗan yatsa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na tashi na ɗauki ƙwaryar goron nan daga kusurwar ɗaki, da ganyenta da faifanta. Abba idonsa a rufe. Goggo ta ji motsin faifai.

"Ke, mi kika ɗauka?"

"Abin da na jawo."

"Fadimata! Ba a maida goro! Ki aje, kada ki zubar muna da mutunci cikin gari!"

Ban waiwaya ba. Ko mayafin kirki ban ɗauka ba, tsohon zanen daka ne a jikina, ƙafata ba takalmi, ga taɓon ruwan jiya har idon sawu.

Gidan likita a cike yake. Mata da goyo sun yi layi a baranda, ga Fulani biyu da wani mai gyambo, ga gardin bariki a zaune kan benci. Da gangan na ratsa ta tsakiyarsu, don ina so a gani, in ba a gani ba Abba zai ce ba a yi ba. Abarci yana wanke hannu. Ya ɗago ya ga ƙwaryar, ya gane ta, na ga fuskarsa ta canja. Na ajiye ta a kan teburinsa kusa da kwalaben magani.

"Majo," na ce. Na yi wata shida ban kira shi da wannan sunan ba. "Ga kayanku. Ni Fadimata na fasa, kowa shi zama shaida. Ba ka da mata a gidan Intalla, ba ka da suruki. Majinyaci ke gare ka, kuma igiya ta wuce ƙulli na uku."

Baranda ta yi tsit, har jaririn da ke kuka aka toshe masa baki da nono. Abarci ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Kin san abin da kike yi? In kinka yi wanga a gaban mutane, ba shi gyaruwa gobe."

"Na sani."

"Ni ba ki tambaye ni ba."

"In na tambaye ka za ka ce in bari ubana shi mutu?"

Ya daɗe yana kallona. Ina son mutumin nan, jama'a, ina sonsa har yau da nake ba ku labari, kuma a wannan tsayuwar na fi sonsa fiye da kowace rana. Ya goge hannunsa, ya sa gwangwanin allura a jakar Abba, ya ce wa masu layi su yi haƙuri. Muka fito yana gaba ina baya har gida.

Goggo tana bakin ƙofa tana sharar hawaye, amma ta janye sandarta. Na durƙusa daga waje.

"Abba."

"Wa ke nan?" Da ƙyar maganar ta fito.

"Likita ne, Abba. Na maida goro. A gaban mutane na maida shi, duk gari ya gani."

Can ya ce, "Shi shigo."

Na koma rumfa na zauna a inda na saba. Na ji hucin risho, na ji ƙarar murfin gwangwani, na ji Abarci yana cewa, "Ja numfashi, Baba. Sake ja." Ban san lokacin da na fara kuka ba, na daɗi ne ko na baƙin ciki ban iya rabewa.

Da ya fito, a tsaye ya yi mini bayani, idonsa a kan danga. Ruwa ƙoƙo uku, kanwa ko ƙwaya ɗaya kada ta shiga, Jimrau kada ya taɓa ƙafa, Talata zai dawo. Ya miƙo kwalbar ɗigo a naɗe cikin takarda ya tafi. Jakar tana kafaɗarsa, ita bai mayar ba. Na warware takardar. "Ɗigo biyar da safe." Na duba ƙasa, na juya bayanta. Ba komai.

Kafin la'asar ruwan jikin ya fara sauka. Sau shida ina kama Abba zuwa bayan gida. Ƙarar ƙirjin ta lafa, ya iya jingina, har ya sha kunu rabin ludayi. Ina kwashe kwanuka ya ce in zauna.

Na zauna a gefen ƙafafunsa, inda nake durƙusawa kullum.

"Kina cewa ke kinka manta da takarakit," ya ce a hankali. "To ni ban manta ba."

Na ɗago kai.

"Ni na sa Uwale ta taso ki gaba. Ran da na ba yaron ga jakata, sallama ce na yi da shi. Na san abin da goro za shi tsayar tun ba a kawo shi ba."

"Abba, don mi?"

"Shekara uku, kowace sahiya in na buɗe ido, tsakar kanki nike gani, kin sunkuya kina auna ƙahwata. Kwanan baya na ga hurhura ɗaya a wurin. Ciwon ga ba shi warkewa, Majo ya hwaɗa mini tun bara. Ja shike yi, shekara biyu, shekara biyar. Ni na sha ruwan rijiyoyin da Allah ya rubuta mini. Ke ko guda ba ki sha ba."

"Ni ban gaji ba! Wa ya ce maka na gaji?"

"Shi ya sa. Da kin gaji da kin tahi da kanki."

Na kifa kai a kan tabarma ina kuka, ina cewa ai an gama, goro ya koma, a bar maganar. Ya bar ni har na yi shiru. Sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani abu a dunƙule, ya buɗe tafinsa a gabana. Ɓarin goro ne, fari, gefensa ya yi ja inda haƙori ya gutsura.

"Ƙwaryar da kinka maida ba ta cika ba. Wanga tun ran Alhamis na ɗauka, na ci rabi da bismilla. Yau na bari ya shigo don kin yi magana a gaban mutane, ba ni son a ce ɗiyar Intalla ta yi ƙarya. Amma ni na ba shi, kuma ban karɓe ba."

Ya mayar da ɓarin goron aljihu, ya ja amawalinsa sama.

"Ki aika ma surukina. Talata kada shi wahalar da kai."

Igiyar tana hannuna, na matse ta har ƙullin ya shiga tafina. Daga Juma'a zuwa Talata kwana huɗu ne, su kaɗai suka rage mini in samo wata dabara.